Lamba Biyu a Jikin Ganga

Wadda ta fara gaya mini abin da lambobin nan biyu na jikin ganga suke nufi, Uwar Kwalabe ce. Rubuta haka, Uwar Kwalabe. Tana da sunan yanka mana, amma duk zaman da muka yi a kamfani ɗaya ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba, ni ma ba yau zan fara ba. Kafin ita na yi shekara goma sha ɗaya ina mirgina ganguna, lambobin suna wucewa ta ƙarƙashin tafin hannuna safe da yamma, ban san magana suke yi ba.

Daina kallon kwalbar nan, jikalle, za mu zo kanta. Tura ta can gefen inuwa. Kuma yadda na faɗa haka za ki rubuta, ban da gyare-gyarenku na 'yan makaranta. Takardar nan wani za a karanta wa, kuma ya san muryata. In ya ji an yi mata kwalliya zai ce ba ni ba ne.

Ni dai ban yi karatu ba, kin sani. Dako na fara yi a tasha. Wata rana aka ce kamfanin da ke bayan layin dogo yana ɗaukar mutane, muka je muka yi layi a bakin ƙofa. Wani mai tumbi ya fito yana duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan a kai shi sito." Iyakar jarrabawar da na taɓa ci a duniya ke nan.

Kamfanin kabad ɗin ƙarfe yake yi, da gadajen asibiti, da teburan ofis, kuma shi yake haɗa fentinsa da kansa. Sitona shi ne na tina. Tina in kin gan ta sai ki ce ruwan famfo ne, da ita ake tsinka fenti in ya yi kauri. Aikinta ta ɗauki fenti ta shimfiɗa shi a jikin ƙarfe, sannan ta tashi ta bi iska ta bar shi a nan. In ta yi saurin tafiya, fenti ya fito da ƙuraje. In ta yi nawar tafiya, fenti ya zubo. Sito kuwa ɗaki ne dogo mai rufin kwano, babu taga sai ramuka can sama, ga bokitan yashi a bakin ƙofa. Ba a shiga da ashana, ba a shiga da takalmi mai ƙusa. Kakarki, Allah ya jiƙanta, sai na yi wanka sau biyu take yarda in zauna kusa da tukunyarta, wai miyarta tana ɗaukar warina.

Tinar iri uku ce, da murfi nake gane su. Mai jan murfi ta wanke maiƙon ƙarfe ce. Mai shuɗin murfi ta feshi ce. Mai koren murfi ta masu shafa fenti da buroshi ce. A jikin kowace ganga akwai farar takarda cike da rubutu, a tsakiyarta ga lamba biyu manya da ɗan layi tsakaninsu. Haruffa ne suka ƙi ni, lamba kam na iya tun a tasha. Ja tana da sittin da casa'in da biyar. Shuɗiya ɗari da goma da ɗari da arba'in. Koriya ɗari da hamsin da ɗari biyu.

Babu wanda ban tambaya ba. Direban da ke kawo su ya ce nauyi ne, na gangar babu komai da na gangar a cike. Na ce masa, "To yaya aka yi ja da koriya kusan nauyinsu ɗaya a bayana?" Ya ce in je in tambayi bayan nawa. Mai gadi ya ce kwanakin da za ta yi kafin ta lalace ne. Akawun sito, wanda ya iya karatu, ya gyara tabarau ya ce lambar masu kaya ce, ba ruwan lebura da ita. Daga baya na gane shi ma bai sani ba, faɗa ne ba ya son yi. Ni kuwa na yanke wa kaina cewa yawan kabad ɗin da ganga ɗaya za ta fesa ne, tsakanin ɗari da goma da ɗari da arba'in. Har ƙirga na yi da tsakuwa a gwangwani. Da na wuce ɗari uku ganga ba ta ƙare ba, na zubar da tsakuwata.

Yanzu rubuta Madubi. Shi ne mai feshinmu, kuma aminina. Sunan ya samo shi ne daga aikinsa: in ya fesa ƙofar kabad, mata masu shara a jikinta suke gyara ɗankwali. Siriri ne, hannunsa ba ya rawa, in ya riƙe bindigar feshi yana tafiya da ita dama da hagu kamar mai lallashin jariri. Kullum da safe zai leƙo sito da galan ɗinsa ya ce, "Jakin sito, an tashi lafiya? A zubo mini shuɗiya."

In ce, "Mai yi wa ƙarfe kwalliya, ga ta nan, ɗebi da kanka, ni ba matarka ba ne."

Yana da wata ɗabi'a: duk gangar da ya fara ɗiba, sai ya dangwala babban yatsansa a fenti ya manna a kafaɗarta, ba ya taɓa wata sai ta ƙare. Ki riƙe wannan, zai dawo.

Mu kuma a sito muna da namu aikin da muke kira tatsa. Ganga ba ta ƙarewa tas, famfon hannu ba ya kai wa gindinta. Kafin mota ta zo kwashe waɗanda suka ƙare, sai in kifa kowace a kan katako, in tara ɗan abin da ya rage a bokiti, in juye a 'yar'uwarta da ke buɗe. Ja a ja, shuɗiya a shuɗiya. An sha yaba mini a kan haka, manaja da bakinsa ya ce ba ni da ɓarna.

Wata Laraba na tatsi koraye goma sha huɗu, na samu bokiti biyu cif. Na duba, babu koriya a buɗe. Buɗe sabuwa sai akawu ya sa hannu, shi kuwa ya tafi gaisuwar rasuwa. Ba a barin tina a bokiti ta kwana. Ga shuɗaye biyu a jere, kowace ta yi rabi. Na sunsuna wannan, na sunsuna waccan. Na ce a raina, duk fari ne, duk warin ɗaya ne, duk fenti za su shiga, murfi ne kawai ya raba su. Na sa mazurari na juye bokiti biyun a ɗaya daga cikinsu, na ɗaure murfi, na share ƙasa, har na ja su gefe na share ƙarƙashinsu. Wallahi na tafi gida ina jin na yi abin kirki. Ta dama ce ko ta hagu? Mai yatsan Madubi ce ko ɗayar? Shekara talatin da huɗu ina juya wannan a kaina, ban gano ba.

Kashegari aka fara wani babban aiki, kabad na wani asibiti, ruwan toka mai haske. Madubi ya fesa arba'in kafin azahar, aka tura su ɗakin bushewa aka rufe. Da aka buɗe bayan an dawo cin abinci, sai ga kabad arba'in suna kuka. Haka na ce, suna kuka. Fentin ya gangaro daga sama layi-layi, kowane layi da ɗan ƙullutu a ƙarshensa, kamar fuskar yaron da aka ƙwace wa alewa. Madubi ya tsaya ya riƙe haɓa. Aka kwana biyu ana gogewa da takardar yashi, ya sake fesawa, ya rage hannu, ya ja baya da bindiga. Suka sake kuka.

Manaja ya sauko. Madubi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba hannuna ba ne. Shekara goma sha shida hannun nan bai taɓa yi mini haka ba. A duba kayan."

Manaja ya ce a kai fenti da tina ɗakin gwaji. To ga inda aka yi ta. Akawu ya ce abin da za a kai wa Uwar Kwalabe ba za a ɗebo daga tsohuwar gangar da kowa ya tsoma tiyo a ciki ba, abin kunya ne, kamar ka yi baƙo ka ba shi ruwa a kofin yara. Ya sa hannu, na buɗe sabuwar shuɗiya fil, aka ɗiba aka kai. Takarda ta dawo: fenti lafiya, tina lafiya. Aka kira wani mai feshi daga ɗaya sashen, ya zo da galan ɗinsa, ya ɗiba daga sabuwar gangar don ita ce kusa da ƙofa. Nasa ya fito sumul.

Ranar Asabar aka sallami Madubi. Yana fita da ledar kayansa wani mai walda ya ɗaga murya ya ce, "Sai wata rana, Mai Hawaye!" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, amma ban kuma zargi kaina ba, don a lokacin ban san akwai abin zargi ba. Na ɗauka hannun ne ya gaji. Gangar mai yatsansa na tura ta can ƙurya da ɗan abin da ya rage a ciki. Ɗaya gangar mai rabi kuwa masu wanke bindigar feshi suka ƙarar da ita, su ba ruwansu da bushewa.

Bayan kamar mako uku aka kawo sababbin kaya, akawu yana fama da haƙori, sai ya aike ni ɗakin gwaji da 'yar kwalba. Ranar na fara shiga. Ɗan ɗaki ne mai sanyi, kwalabe har rufi, ga wata gajeruwar mata da farar riga, tabarau rataye a wuya da zare, tana shan shayi a kofin gwaji mai zane-zane a jiki. Na miƙa mata, na juya, sai ƙafata ta ƙi tafiya. Na ce, "Baiwar Allah, don girman Allah, lambobin nan biyu na jikin ganga, na mene ne?"

Ta sa tabarau ta dube ni tun daga ƙasa. Ta ce, "Shekara nawa kana aiki a nan?"

Na ce goma sha ɗaya.

Ta ce, "Ni shekarata shida, manajoji uku na gani, babu wanda ya taɓa tambayata. Jawo kujera, Malam Mirgina."

Ta fara da tambayata ko na san ruwa yana tafasa. Na ce ko kakata ta san wannan. Ta ce to zafi ma ana auna shi kamar yadda ake auna yadi. Jikin mutum talatin da bakwai ne, ruwa kuma sai ya kai ɗari yake tafasa, kuma tun daga cokalin farko har na ƙarshe a ɗarin nan zai tsaya, don shi abu ɗaya ne. "Tina kuwa," in ji ta, "ba abu ɗaya ba ce. Taro ce. Zo ka gani."

Ta auna tinar da na kawo, ta zuba a wata kwalba mai tumbi da dogon wuya, ta soka ma'aunin zafi ta bakin, siriri kamar tsinken tsintsiya da zaren azurfa a ciki. Daga wuyan kwalbar wani bututu ya fita ya ratsa cikin ruwan sanyi ya ɓullo a kan wani dogon kofi. Ta kunna murhun lantarki a ƙarƙashi. Ta ce, "Kai ka kalli bakin bututu, ni zan kalli azurfa. Ka ga ɗigon farko ka yi magana."

Na ƙura ido har hawaye. Tina ta fara motsi, tururi ya hau, can sai ga wani ɗigo ya taru a bakin bututu, ya yi jinkiri, ya faɗa. Na ce, "Ya sauka!" da ƙarfi har shayinta ya zube.

Ta ce, "Ɗari da goma sha ɗaya. Ga lambarka ta farko."

Muka zauna. Ɗigo na bin ɗigo, azurfa na hawa a hankali, tana faɗa mini: ɗari da ashirin, ɗari da talatin. Har gindin kwalbar ya bushe ƙayau. Ta ce, "Ɗari da talatin da tara. Ga ta biyu. Takardar ganga alkawari ce: ba wanda zai tashi kafin ɗari da goma, ba wanda zai rage bayan ɗari da arba'in. In na ga haka, na sa hannu. In ban gani ba, ganga ta koma inda ta fito."

Sai na ce, "Ashe kamar tashi daga aiki ne. Ana buga ƙararrawa masu walda sun kai bakin titi, mu 'yan sito sai mun kulle, mai shara shi ne na ƙarshe."

Ta buga tebur ta ce, "Kai, ina ma kai ne manaja!" Ta ce haka ne, kuma yadda suke tashi a wuta haka suke tashi a jikin ƙarfe, masu ƙaramar lamba da sauri, masu babba a hankali. Shi ya sa ja take bushewa kafin ka ɗauke tsumma. Koriya kuma aka ba masu buroshi, don tana jira sawun buroshi ya kwanta. Shuɗiya aka zaɓa wa feshi don tafiyarta a haɗe take, tsakanin na farko da na ƙarshe talatin ne kacal: ta ba fenti lokacin shimfiɗuwa, ta tafi kafin nauyinsa ya ja shi ƙasa.

Na tambaye ta wata 'yar ƙaramar lamba da ke kusa da hoton wuta a takardar ganga. Ta ce wannan daban ce, ita ce zafin da in tina ta kai, tururinta zai kama da wuta in ya ga ƙyastu, kuma tana ƙasa da lambar tafasa nesa ba kusa ba. Mai jan murfi ma ko a ranar da ake rawar sanyi a shirye take. Ta ce, "Kada ka ga ɗari da wani abu ka ce ai rana ba ta kai nan ba. Wannan ta tafasa ce, waccan ta gobara." Na tambayi abin da zai faru in an bar murfi a kwance. Ta ce masu saurin za su gudu, lambar farko ta hau, amma ta ƙarshe tana nan inda take. Na yi ta tambaya kamar yaro a kasuwa, tana ta ba ni amsa. Daɗi ya cika ni. Cikin daɗin nan ne bakina ya ce, "To in aka zuba koriya a cikin shuɗiya fa?"

Ta ce, "Ido ba zai gani ba, hanci ma da wuya. Amma ka sa masu nawa a cikin masu sauri. Masu sauri su tafi, su kuma su zauna a cikin fenti su hana shi kamawa, sai ya..." Ta tsaya. Ta cire tabarau. Ni kuwa na ji kujerar ta yi mini sanyi.

Ta ce, "Tinar da aka kawo mini ranar nan, daga gangar da mai feshin nan yake ɗiba aka ɗebo ta?"

Na ce, "Sabuwa aka buɗe."

Ta ce, "Innalillahi. Na sa hannu a kan gangar da ba ita ake tuhuma ba. Tasa tana nan?"

Na ce tana ƙurya.

Ta miƙe ta ɗauko wannan kwalbar da kike gani, mai ruwan ƙasa, mai murfin gilashi. Ta ce, "Cika ta daga gangarsa ka kawo mini. In ta tsaya a ɗari da arba'in, to hannunsa ne. In ta wuce ta nufi ɗari biyu, an zalunci bawan Allah, kuma ni zan hau sama da takardar da kaina." Ba ta tambaye ni dalilin tambayata ba. Har yau ban san ko ta gane ba.

Na koma sito, na kifa gangar mai yatsan Madubi, na cika kwalba. Na taho da ita a aljihu. Daga sito zuwa ƙofarta taku tamanin ne. A taku na saba'in na tuna ina da 'ya'ya biyar, kakarki kuma tana da cikin ƙanin babanki wata bakwai. Na tuna in azurfa ta wuce, tambaya ta gaba ita ce wa yake tatsa a sito. Na zo daidai ƙofar, ina jin ƙarar cokalinta a kofi, na wuce kamar an aike ni bayi. Da yamma na leƙa na ce mata mota ta riga ta kwashe gangar. Ta dube ni ta ce, "Kash." Ta ce in kwalbar tana hannuna in riƙe, wataƙila wata rana. Na kawo ta gida, na narka kyandir na liƙe bakin, na sa a ƙasan akwatina.

Rubuta wannan ma, ba don in wanke kaina ba. Daga ranar ban sake haɗa wata tina da wata ba. Na sa aka ja layi uku da fenti a ƙasan sito, na ware wa kowace bokitinta da mazurarinta da tiyonta. Na samo gilashin taga, duk gangar da aka buɗe sai na ɗiga ɗigo ɗaya ina ƙirga numfashina har ya ɓace: ja numfashi huɗu, shuɗiya wajen ashirin, koriya sai ka gaji ka tafi ka dawo. Sau biyu ina kama gangar da aka yi wa kuskuren murfi tun daga wurin masu kaya, Uwar Kwalabe ta gwada ta ce na yi daidai. Har ta riƙa turo mini sababbin ma'aikata in yi musu bayanin lamba biyu, ni da ban iya rubuta sunana ba. Na yi shekara goma sha tara a haka. Ita ta bar aiki kafin ni, ta koma wurin 'yarta, daga baya muka ji rasuwarta. Allah ya haskaka kabarinta.

Me kika ce? Eh, da na ɗiga na kwalbar a gilashina da tuni na sani. Na yi wa gangunan mutane sau dubu. Wannan kam hannuna bai taɓa yarda ya fasa kyandir ɗin ba. Kuma ko na ɗiga, numfashin tsoho ba shaida ba ne. Da takarda aka kore shi, takarda ce za ta wanke shi.

Madubi kin san shi ai. Tsohon nan na layi na uku, mai rumfar feshin firji da tankin babur, wanda yake ba ku alewa kuna yara. Babu kamfanin da ya sake ɗaukarsa, labari ya riga shi zuwa ko'ina. Kowa Mai Hawaye yake ce masa, jikokinsa ma sun ɗauka don idonsa yana ruwa ne. Ni kaɗai nake ce masa Madubi, shi kuma har gobe Jakin sito yake ce mini. Makon jiya na je duba shi, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Muna zaune sai ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi a gaban fuskarsa, ya ce, "Jaki, ka san har yau ina mamakin abin da hannun nan ya yi mini a makon nan? Na yi ta tunani, ban gano inda na kuskure ba." Na ce masa shayi ya huce, ya sha.

Shi ya sa na kira ki. Ranar da kika zo hutu kina ba babanki labarin ɗakin gwajinku na makaranta, kika ambaci kwalba mai tumbi da bututu a cikin ruwan sanyi, na ce ashe har yanzu ana yi.

Ɗaga ta ki gani a haske. Eh, ta ragu, da a wuya take, yanzu ta sauko kafaɗa. Na san abin da za ki ce, wai ta tsufa ba za ta faɗi gaskiya ba. Ke da digirinki, ni da Uwar Kwalabe. Masu saurin ne suka sulale ta gefen kyandir, lambar farko ta lalace, ban damu da ita ba. Ta ƙarshe nake so. Mai nawa ba ya guduwa. In na zuba shi a nan, yana nan zaune yana jira.

Kuma ki ji wani abu, kada ki yi dariya. Ban da tsoro, ina son in sani kawai. Bokiti biyu a rabin ganga, har ina za su kai azurfa? Ɗari da tamanin? Ɗari da casa'in da wani abu? Ko kuwa za ta tsaya cak a ɗari da arba'in, ya zama ɗaya gangar na zuba wa, na ɗauki shekara talatin da huɗu ina dakon kayan da ba nawa ba? In haka ne ma, ƙaryar da na yi a ƙofar nan tawa ce.

To ga yadda za a yi. Takardar nan ba za ta jira sakamako ba. Yau in an yi la'asar ki riƙe mini hannu mu je layi na uku, ki zauna ki karanta masa tun daga Uwar Kwalabe har nan, ina zaune. In ya zage ni kada ki sa baki, yana da gaskiya, kuma ya iya zagi.

Kwalbar kuma gobe ki tafi da ita. Naɗe ta a tsohon rawanina, ki riƙe ta a tsaye, kada ki sa ta a bayan mota inda rana take bugu, kada ki bi da ita ta kicin. Ki ce wa malaminku kada ya ɗauke ido daga azurfa sai gindin kwalba ya bushe, kuma ya rubuta lambar da girma yadda ni ma zan iya karantawa. In ya tambaye ki daga ina, ki ce daga sito aka aiko, taku goma ne ya rage.